La'adar Ranar Alhamis

Shekara talatin ina dillancin shanu a Bogo,
ban taɓa tambayar saniya gidan da ta kwana ba.
Haƙori nake dubawa, da tozo, da faɗin ƙirji,
a tafa, a ce albarka,
in karɓi la'adata in koma inuwa.

Bana sama ta yi rowa.
Fadamar da ruwanta ke taɓa cikin doki
ta tsage kamar dugadugan tsohuwa.
Tafki ya koma akushi ɗaya na laka,
garke bakwai a bakinsa, kowa da sandarsa.
Da sanda ta gaza faɗin abin da ke ciki
sai aka sayo mata ya daga hayin Logone,
mai bakin ƙarfe, wadda ba ta jiran amsa.

Labarin Jidda a bakin ɗan acaba na ji shi.
Da asuba aka zo, maruƙa na ɗaure.
Tamanin da shida aka kora.
Shi kuma yana ƙarƙashin aduwa,
an aza ƙaya a kai saboda kura.
Wasu sun ce ramuwa ce,
wasu sun ce mutanensa suka fara a Petté,
wasu sun ce rijiya ce tun zamanin kakanni.
Bakin kasuwa ba ya rasa zare.

Mako uku, sai ga yaro da igiya.
Gemunsa bai tsiro ba, idonsa ya tsufa.
A bayansa ja ce, mai karyayyen ƙahon hagu,
kunnen dama an tsaga shi biyu.
Ni na sayar wa Jidda ita tana karsana,
har ya rage mini dubu ɗaya, muka yi faɗa,
muka sha shayi.

Ban yi niyya ba, wallahi,
bakina ne ya yi irin kiran da yake mata.
Ta juyo.
Ta ja igiyar har yaron ya yi tuntuɓe.

Ya dube ni, na dube shi.
Ya ce, Baba, sunana Gidado,
garkenmu rabi ƙishi ya ci, rabi dare ya ci,
ubana na Maroua da harsashi a cinya,
likita ba ya karɓar labari.

Jandarma na can gindin ɗorawa yana ɓare gyaɗa.
Taku ashirin ne tsakanina da shi.
Na ƙirga su da ido.

Na buɗe bakinta, na duba haƙori
kamar ban san shekarunta ba.
Aka tafa.
Kafin la'asar tana cikin babbar mota, an nufi kudu,
kanta na leƙe ta tsakanin katako.

Sefa dubu biyu na samu.
Suna ƙarƙashin tabarmata tun ranar.
Matata ta nemi kuɗin gero, na ce babu.