Minti Ashirin a Bakin Kogi

Ashirin da takwas ga wata.
Albashin mutum ɗari uku da sha ɗaya na kan teburina,
naira dubu arba'in ta maƙale tsakanin layi da layi.
Tun hantsi nake lalube:
allura ce cikin ruwa, ni kuwa yau ba mai rabo ba ne.

Janareta na tari a bayan taga.
Oga Barau ya leƙo sau huɗu,
bai ce uffan ba, agogonsa kawai yake dubawa.
Wayar tebur ta yi kuka, ta aljihu ta taya ta.
Lantana mai shara ta tsaya bakin ƙofa da tsintsiya:
"Malam Ilu, yau dai za mu ji ƙarar waya?"
Na ce in sha Allahu
da wata murya da ban san mai ita ba.

Wuyana ya zama icce.
Ashe tun safe haƙorana a cije suke.
Shayin ƙarfe tara ya huce, ƙuda ya gaje shi.

Da aka sallame azahar ban hau bene ba.
Wayar na bari a durowa, kulle, kamar akuya mai ɓarna.
Na tari keke zuwa Gamji,
na wuce masu hoto, na wuce lilon yara,
har inda ƙasa ta yi laushi
kogin Kaduna ya buɗe, jajir da ruwan damina.

Na tuɓe takalmi. Na tuɓe safa.
Ciyawa ta yi wa tafin ƙafata sannu da zuwa.

Na ja numfashi, ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Na riƙe.
Na sake shi a hankali, kamar mai hura wa yaro kunu.
Na sake ja.
Ƙamshin laka. Hayaƙin masara daga wani wuri.

Dubu arba'in ta biyo ni, ta zauna kusa da ni.
Kuɗin hayan Unguwar Dosa ma ya zo, da fuskar Oga.
Ban kore su ba, ban kuma ba su tabarma ba.
Ruwa ya kawo baƙar leda, ya wuce da ita,
ya kawo reshen maɗaci, ya wuce da shi.
Na ce wa kowane tunani: na gan ka,
ga hanya.

Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya a tsallake,
ba wanda ya ba shi wa'adi.
Marai na saƙa a saman kaina, zare ɗaya, zare ɗaya.

Wani mai haƙar yashi ya ɓullo daga ruwa da bokiti,
ya juye a kwalekwale, ya fesar da iska mai ƙarfi.
Shekwolo, in ji abokinsa da ke riƙe da gora.
Na ce, "Ba ka gajiya?"
Ya yi dariya, ruwa na zuba daga gemunsa:
"In na fito, sai na fitar da tsohon numfashin duka.
Wanda ya koma ƙasa da ragowa, shi ruwa ke kayarwa."
Ya nutse.

Kafaɗuna suka sauko daga kunnuwana
ban san lokacin ba.

Na koma. Janareta bai daina tari ba,
kira tara na jira a durowa.
Oga ya ce, "Ina ka shiga?"
Na ce, "Bakin kogi."
Ya dubi lakar wandona, ya rasa ta cewa.

Na ja kujera, na fara daga layin farko,
suna ɗaya, numfashi ɗaya.
Ban san ko zan gano ta kafin magariba ba.
Amma akwai ɗan yashi cikin safata ta hagu,
duk na motsa yatsa sai in ji shi,
kuma ban kakkaɓe ba.