Ƙwallon Bawa Katanga

Ni baduku ne, a bakin babban lambatun Nima nake zama,
takalmi nake ɗinki, da jaka, da kuben wuƙar mahauta.
Ran da Bawa ya ɗora min abin nan a cinya
na ce, "Wannan gwanda ce, ko ƙwan jimina da ya sha rana?"
Ya yi dariya har giɓinsa ya leƙo.
"Ƙwallo ne. Ɗinke min shi.
Ka zaga Makola kaf, ba za ka sami ɗan'uwansa ba."

Tun ba a haifi iyayenku ba ya koyo shi,
a wani fili can bayan Osu,
inda baƙaƙen Amurka, ma'aikatan jirgin ruwa,
suka rasa cikon na goma sha ɗaya.
Shi ko ɗan dako ne, buhun masara biyu yake saɓawa.
Suka ce, "Tsaya nan, kar ka bar kowa ya wuce."
Ya tsaya.
Ba wanda ya wuce.
Tun daga ranar ya zama Katanga.

Shekara shida yana karo kamar ragon layya,
da hular kwano ta aro mai cizon kunne.
Ba kofi, ba jarida, ba tafi,
sai hoto guda, shi ma ɗigar ɗaki ta lashe fuskarsa.
Wata Asabar gwiwa ta ce ƙaras.
Jirgi ya ɗaga da abokai,
aka bar masa ƙwallo, da usur, da ɗingishi.

Sakandaren da ke wajen Kotobabi
gadi ta ɗauke shi, ba horarwa ba.
Shugaba ya ce, "Yaranmu na ƙafa suke so."
Bawa ya ce, "Ba ni waɗanda na ƙafa ya ƙi."
Aka tattaro masa su:
mai tumbi, mai gwame, mai tsoron inuwarsa,
da Memuna, da ke jifar mangwaro ba ta kuskure.
Ya ja layi da tokar mai koko,
ni na ɗinka musu kafaɗu da soson tsohuwar katifa.

Ina jin muryarsa har yau:
"Zagayayyen ƙwallo, ka san inda zai gangara.
Wannan, in ya taɓa ƙasa,
sai Allah ya san inda ya nufa.
Ba a ce ku cinye fili yau ba.
Taku goma ake nema, a yunƙuri huɗu.
Kun samu? A sake ƙirga daga fari."

Wanda ya faɗi, ba ya ɗaga shi.
Sai ya kalli na kusa, ya yi shiru,
har kunya ta miƙa hannu.

Shekara ashirin da uku, wasa tara suka buga,
don abokin karawa ya fi naman miya wuya.
Sun ci huɗu. Ko uku ne? Shi bai taɓa faɗa ba.
Abin da yake lissafawa daban ne:
Fuseini na tuƙa torotoro zuwa Madina,
Kwabena na ɗaurin karaya a Korle Bu,
Tanko ya bar kwana a gindin gada.

Bara, bayan ƙaramar salla, muka kai shi makwanci.
Masu ɗaukar makara suka jeru kafaɗa da kafaɗa,
ba wanda ya ce musu su jeru,
jiki ne ya tuna.

Jiya Memuna ta zo, usur a wuyanta,
ta ɗora min abin nan a cinya.
Ɗinki na goma sha bakwai ke nan.
Na juya shi, na duba:
ba sauran fatar Amurka a jikinsa,
duk facina ne, akuyar Nima ce da tunkiyar Mamobi.
Na ja zare, na ƙulle, na yanke da haƙori,
na sake shi ƙasa don in gwada.

Na zuba ido dama.
Ya yi tsalle hagu.