Ranar Da Aka Liƙe

Anselmo Choque ya buga kalandar baɗi dubu huɗu
tun ruwan farko bai sauka kan tsaunuka ba.
Tawada ko bushewa ba ta yi ba
aka ji a rediyo majalisa ta kaɗa ƙuri'a:
ranar hutun nan mai jar lamba,
mai ɗauke da sunan baƙon da ya zo a jirgin ruwa,
an mayar da ita ta 'yan asalin ƙasa.

Sittin da uku suka ce i.
Sauran suka fice suna ƙunƙuni.

Ya zauna kan damin takarda, ya cire tabarau,
yana lissafin asara da yatsu duk tawada.

Jikarsa Nayra ta shigo da dasasshiyar murya,
kwana tara tana ihu a ƙofar majalisa.
Ta ce, Kaka, mun ci!
Ya ce, to ɗauko almakashi.

Suka dama fulawa ta zama gam,
suka yanka sabon suna siri-siri,
suna ta liƙi har carar zakara.
Duk wadda ka ɗaga ka haska da fitila
tsohon sunan na leƙowa ta ƙasa,
kamar tabon ƙuna cikin farar riga.

Mahaifiyarsa, casa'in da ɗaya,
na gindin murhu tana tsintar irin dankali.
Aka juya mata dokar da harshen Aimara.
Ta ce ita tun tana goye
ranar shuka ta san ta,
wa zai kai ta gona gobe?