Munduwar Tumba

A Anka, bayan tashar mota,
nan kawuna Labbo ke gyaran rediyo.
Yanzu masu rediyo sun yi ƙaranci,
kwalabe ne jere a kan kanta
inda dā yake tara sukurori.

Munduwar azurfa ce ta matarsa Tumba,
Allah ya jiƙanta, bara da kaka ta rasu.
Ya kai wa maƙerin fari, aka miƙe ta, aka raba biyu,
ya tsoma a ruwa, ya haɗa da batir.
Kafin la'asar ruwan ya sauya,
kamar shayin da aka yi wa rowar ganye.

Ya ja ni lungu, ya haska tocila:
"Dubi, Nomau, hanya a cikin ruwa."
Na gani, wani zaren haske siriri.
Na ce ƙurar azurfa ce, kawu,
haske ke tuntuɓe da ita.
Ya ce, "To, ka ga aiki ke nan."

Sai ya jawo 'yar kwalbar kemis,
ruwan nan mai kumfa na wanke gyambo,
ya ɗiga.
Ƙananan idanu suka taso suna tsuwa,
launin ya gudu, ruwa ya koma garau.
"Numfashi yake," in ji shi.
"Mai numfashi kuwa shi ke rayar da wani."

Shekara sha ɗaya ina koyar da kimiyya,
alli ya ci mini yatsu.
Na san kumfar nan: iska ce ke tserewa,
azurfa ce ta raba ta da ruwa.
Launin ma ba tafiya ya yi ba,
ƙarfen na nan, riga kawai ya tuɓe.
Na roƙo gishiri wajen mai ƙosai, na barbaɗa,
ruwan ya yi fari kamar an wanke ƙwaryar nono.
Na ce haka zai yi a cikinka.
Ya ce, "Ka ɓata mini kwalba guda."

Suna zuwa, ba ya karɓar ko sisi.
Mai taifot, mai basir, mai jiri,
direban da ƙafarsa ta kumbura,
wata tsohuwa da jika a goye.
Ita kam na tare ta a hanya.
Ƙasar nan ta san abin da ƙarfe ke yi wa jini,
mun haƙa gajerun kaburbura shekarar dalma,
har yau ban iya bin ta gefen maƙabartar da yamma.

Ban musa ba, azurfa kan kashe ƙwayar cuta
a kan miki, a jikin bandeji.
Amma ciki ba faranti ba ne da za a ɗauraye.
Abin da ya shiga zama yake ƙarƙashin fata,
ya jira rana ta rine shi.

Watan jiya ya yi dariya, na ga dasashinsa.
Na dubi gindin faratansa:
toka-toka mai shuɗi, kalar bayan hazbiya,
rinin da ba sabulun da ke fid da shi.
Ƙwayoyin ciwon sukarinsa na cikin leda,
ko ɗaya ba a ɓalle ba.

Na shirya faɗa tun daga makaranta,
na jera hujjoji kamar ranar jarrabawa.
Na tarar da shi bayan magariba, ba fitila,
ya tsamo wayoyin biyu yana shafawa,
sun sirance kamar tsinken sakace.
Bai ɗago ba, ya ce,
"Saura kaɗan ta ƙare."

Ban tambayi wa yake nufi ba.

Na zauna a kan akwatin wata tsohuwar rediyo.
Can na ɓallo masa ƙwaya ɗaya,
na je randa na ɗebo ruwa,
ruwa kawai.
Ya karɓi moɗar da hannu biyu.
Aka kira isha'i yana riƙe da ita,
bai sha ba,
bai kuma ajiye ba.