Littafin Baƙin Mai

Ranar Talata na ɗage zanan rumfa,
na ɗebo bokiti biyu a tuƙa-tuƙa,
na wanke ta yadda na saba,
daga rufi a gangaro; ba a fara mota daga ƙafa.
Kajin Hansai suka taru
suna tsokanar inuwarsu a jikin ƙofa.

Shekara goma sha tara sitiyarinta na hannuna.
Sha shida da Alƙali Barau a kujerar baya,
tabarau a karan hanci, takardu a cinya,
yana cewa, "Haladu, sannu-sannu,
kotu ba ta da ƙafar gudu."
Sauran ukun ni kaɗai,
bayan ya amsa kira, ya bar mini ita a wasiyya,
layi ɗaya tak, da sa hannu a ƙasa.

Marsandi a ƙauyen bayan Taura!
Hanyarmu ta amalanke ce, kowa ya sani.
Da fetur ya hau, sai in tashe ta da asuba,
in saurari injin minti biyar
kamar mai jiran gaisuwarsa a rediyo,
in kashe.
Amma ita ta kai Lantana asibitin Ringim
ƙarfe biyun dare, naƙuda na cin ta.
Yaron yanzu har kiwo yake bi.

Bana ruwa ya kwana tara a gonata.
Dawa ta ruɓe a tsaye.
Ga fadama tana jiran rani,
ba inji, ba rijiya, ba taki ko tiya guda,
kuma kujerar fata ba ta tuƙa tuwo.

Tanimu dillali ya iso bayan la'asar
da wani yaro mai harkar riɗi a Gujungu.
Ya zagaya ta sau biyu yana taunar goro,
ya sa ƙafa ya daki taya,
sannan ya taya.
Na ce albarka, tun bai rufe baki ba.
Ƙafar nan na ji, ba kuɗin ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko littafin.
Duk baƙin man da ta sha yana ciki,
rana da wata, nisan tafiya, sunan makanike,
har ƙwan fitilar da ya mutu a hanyar Haɗeja.
Tanimu ya yi dariya:
"Baba, mota muka zo saye, ba tarihi ba."

Yaron dai ya karɓa.
Ya tsuguna gefen turmi yana buɗe shafi,
yana bin layi da ɗan yatsa.
Can sai ya tsaya, ya karanta a fili:
"Yau akuya ta karce madubin hagu.
Laifina ne, ban ja zana ba."
Ya tashi ya duba madubin.
Sai da ya karkata kai kafin ya ga tabon.

Bai ƙara kallon dillali ba.
Ya faɗi kuɗi, sama da abin da na ƙudurta,
ya ce, "Amma da littafin."
Na yi shiru har aka kira magariba.
Na ce na sallama, Allah ya sa alheri.
Na ce kada ya taka ta da sanyin inji,
kada ya bari a ci gyaɗa a ciki.

Ta fita a hankali, kamar alƙali na baya.

Yanzu injin ban ruwa ke kwana a rumfar,
ja, mai tari, ko kunya ba ya ji.
Sawun taya huɗu na nan a ƙasa, na hana a share.
Kajin sukan zo, su duba, su wuce.

Jiya na aiki yaron Lantana kanti,
ya sayo mini sabon littafi mai shafi sittin.
Na rubuta a layin farko:
Laraba, baƙin mai, lita ɗaya.