Famfon Ƙarfe Uku

A Damagaram mun san jiran ruwa.
Ka bar famfo a buɗe, ka jera jarkoki, ka kwanta,
kunne ɗaya a matashi, ɗaya a tsakar gida.

Ni kuwa nawa rufe shi na yi, shekara biyu.
Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta
da takalman Afiniki a cikin leda
ban ƙara cewa Uba ba.
Ran Lahadi sai in buɗe shago a Zango,
in ɗora ƙafa kan keken ɗinki
in bar ƙararsa ta cika mini kai.
Malam Barnaba ya zo sau uku.
Sau uku na ba shi shayi da labarin tsadar yadi,
ya sha, ya yi godiya, ya tafi.
Da ya yi mini faɗa, da na sami abin riƙewa.

Wani daren Talata cikin bazara wuta ta ɗauke.
Keziya ta yi barci da littafin lekol a ƙirji.
Ina laluben ashana a akwatin uwarta
hannuna ya faɗa kan Littafi Mai Tsarki.
Ta yi masa riga da ƙyallen atamfa,
ragowar zanen da na yanka mata wata Kirsimeti.
Ɗinkin a karkace. Kullum ina mata dariyar ɗinki.

Na buɗe, tocila a bakina.
Ga tabon man gyaɗa a gefen shafi,
ga tsinken tsintsiya inda ta tsaya,
ga sunana da jan biro kusa da wata aya,
ta ja masa layi biyu.
Ashe tuntuni ana kai ƙarata, ban sani ba.

Na karanta, ban ji komai ba.
Kalmomin kamar duwatsun Birni,
manya, da sauran zafin rana, ba sa motsi.
Na sake, wannan karon da murya,
ƙasa-ƙasa kada yarinya ta farka:
matar nan da ta je rijiya da tsakar rana
ta iske Mai Ruwan zaune yana jin ƙishirwa.

Na durƙusa, gwiwa ta yi ƙara.
Na ce, Uba, ban zo da komai ba.
Fushi ne, ga shi, jarka guda fal.
Ka ɗauke ta ka bar ni da yarinya da kitson da ban iya ba.
Na faɗi wasu maganganun da ba na majami'a ba ne.
Ban kai ga amin ba

sai famfo ya yi tari.

Duk ɗan garin nan ya san tarin nan.
Iska tukuna, tana huci kamar kububuwa,
sannan jan ruwa mai tsatsa.
Ba a shan sa,
ba a kuma rufe famfo saboda shi.
A bar shi ya zuba, mai kyan yana baya.
Na tsaya ba takalmi ina kallo, fuskata ta jiƙe,
ban kuwa taɓa ruwan ba.

Lahadi na zauna bencin baya, gindin taga.
Matan zumunta sun ɗauki tulu da caki,
wata ce a wurin da Afiniki ke tsayawa,
kuma waƙar ba ta faɗi ba.
Wannan ya yi mini ciwo. Daga baya ya yi mini daɗi.
Malam Barnaba bai ce ina ka shiga ba,
ya dai matsa, ya miƙo rabin littafin waƙoƙinsa.
Muryata ta fito da tsatsa.
Keziya ta dube ni, ta toshe baki tana dariya.

Ba zan ce na warke ba.
Akwai daren da nake buɗe shafi, in durƙusa,
har asuba ko ɗigo.
Amma na mayar da tsinken tsintsiyar gaba da shafi arba'in,
kuma yanzu kafin in kwanta
nakan leƙa tsakar gida
in tabbata na bar shi a buɗe.