Tokara

Mushe Mutari ya rubuta su a allo,
kalmomi biyu na Ingilishi, gajeru kamar ƴan maraƙa:
shore up.
Ya ce ta farkon, in tana ita kaɗai, bakin teku ce.
Muka yi dariya, mu ƴan Damagaram,
da ke bin layin famfo da jarka tun asuba.
Amma in ƙaramar ta tsaya a bayanta
sai teku ya janye, ma'ana ta sake riga:
a tokare abin da ke shirin faɗuwa.

Na kwafe a kaye, na rufe, na manta.

Daren Alhamis ruwa ya kwana yana zuba a Birni.
Katangarmu ta gabas ta sha ta ƙoshi,
ta yi faso tun daga sama,
ta sunkuyo kan murhun Inna kamar mai neman gafara.

Kawu Nomau bai san Ingilishi ba,
Faransancinsa ma iyakarsa gaisuwa.
Ya zo da azara uku a amalanken jaki,
ya haƙa wa kowace gindi, ya danne da dutse,
ya kafa kawunansu a ƙirjin katanga.
"Ba gyara na yi ba," in ji shi, yana karkaɗe hannu,
"lokaci na roƙa mata.
Gyara sai kaka, in ƙasa ta bushe."

Ran Litinin Mushe ya ce kowa ya kawo jimla.
Wani ya tokare tattalin arziki,
wata ta tokare gada.
Ni na rubuta Inna da kaskon wainarta,
shekara huɗu tun da Baba ya hau motar Agadas,
dala biyar-biyar tana tokare mu bakwai.

Ya sa jan biro: daidai.
Ya ƙara da cewa aikatau ne mai neman karɓau,
dole a faɗi abin da aka tokare.
Ban ɗaga hannu na tambaye shi ba,
ita azarar, wa ke tokare ta?

Gara ta fara hawan ta tsakiya.
Na karɓo baƙin mai wajen mai gyaran babur,
na zuba mata a gindi.
Da dare Inna ta ce bayanta na ciwo.
Na ɗumama man kaɗanya a cokali.
Kaka da saura wata biyu.